TARIHI: Joshua Slocum, kyaftin ɗin da jirgin ruwa ya zame wa gida, wurin aiki da makwanci

Da misalin ƙarfe ɗaya na daren 27 ga Yuni, 1898, wani ɗan ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da ƙarfin iska ya lallaɓa ya shiga tashar Newport da ke jihar Rhode Island a Amurka, ya saki anka. Mutum ɗaya ne tal a cikinsa, dattijo mai sanƙo ɗan shekara 54. Babu kiɗa, babu taron tarba, domin hankalin ƙasar duka yana kan yaƙin da take gwabzawa da Sifaniya, har ma an dasa nakiyoyi a bakin tashar. Dattijon shi ne Kyaftin Joshua Slocum. A daren nan ya kammala abin da ba a taɓa jin wani ya yi ba kafinsa: ya zagaye duniya ta ruwa shi kaɗai, tafiyar da ta haura mil 46,000 cikin shekara uku da wata biyu.

Da wannan kaɗaici duniya ta san shi. Sai dai kafin ya zama matafiyin da ba shi da abokin hira sai iska, Slocum magidanci ne da ya shekara 13 yana yawo a tekunan duniya tare da matarsa da 'ya'yansa. Jirgi ne ɗakin aurensa, shi ne ɗakin haihuwa, shi ne makarantar yara, shi ne kuma wurin neman abinci. Tarihinsa tarihin mutum ne da ya taɓa haɗa sana'a da iyali a wuri guda, abin ya kuɓuce masa, ya kuma ƙare rayuwarsa bai sake samun yadda zai haɗa su ba.

Yaron da ya ƙi zaman shago

An haifi Joshua Slocum ranar 20 ga Fabrairu, 1844, a Mount Hanley da ke yankin Nova Scotia, a gabashin Kanada ta yau, lokacin yankin yana ƙarƙashin mulkin Ingila. Shi ne na biyar cikin 'ya'ya 11. Yana ɗan shekara takwas iyalin suka koma tsibirin Brier, a bakin mashigin Fundy, inda kakansa na wajen uwa ya yi aikin kula da hasumiyar fitilar da ke yi wa jirage jagora da dare.

Mahaifinsa, John, mutum ne mai tsanani. Ya buɗe shagon ɗinka wa masunta takalman fata, ya cire yaron daga makaranta ya zaunar da shi a kan aikin. Daga cikin shagon Joshua yana hango jirage suna shiga suna fita, ransa kuwa yana biye da su. Wata rana uban ya same shi yana sassaƙa ɗan jirgin wasa a ɓoye, ya karɓe ya farfasa.

Yana da shekara 14 ya gudu ya kama aikin kuku a wani jirgin masunta, amma bai daɗe ba ya dawo gida. A 1860 mahaifiyarsa ta rasu, abin da ke riƙe da shi a tsibirin ya yanke. Ya bar gida yana ɗan shekara 16, ya shiga jirgin kaya zuwa Dublin, daga can ya wuce Liverpool, ya sami aiki a jirgin da ke zuwa ƙasar Sin. Lokacin da sauran ma'aikata ke hutawa, shi yana koyon lissafin gano matsayin jirgi ta hanyar auna rana da taurari. Yana ɗan shekara 18 ya ci jarrabawar zama mataimakin kyaftin na biyu. Daga baya ya yada zango a San Francisco, ya zama ɗan ƙasar Amurka, kuma a 1869 aka damƙa masa jirgi na farko a matsayin kyaftin.

Aure a Sydney

A ƙarshen 1870 Slocum ya kai wani jirgin kaya mai suna Washington birnin Sydney na Ostireliya. A can ya haɗu da Virginia Albertina Walker, 'yar wani iyali Ba'amurke da neman zinariya ya kai su California, daga nan suka zarce Ostireliya. Aka ɗaura musu aure ranar 31 ga Janairu, 1871, amarya ta tare a cikin jirgi.

A zamanin nan tafiya guda ta jirgin kaya kan ci shekara ko fiye. Don haka abu biyu ne gaban kyaftin mai aure: ko ya bar matarsa a gari, ya riƙa leƙo ta sa'i da lokaci kamar baƙo, ko kuwa ya tafi da ita, in masu jirgi sun yarda. Mata da yawa sun gwada zaman teku sun ce ba za su iya ba. Virginia kuwa ta shiga ba ta sake neman fita ba.

Tafiyarsu ta farko ta nuna mata abin da ta aura. Sun nufi Alaska kamun kifi, guguwa ta jefa Washington kan gaɓa ya lalace. Slocum ya tserar da matarsa da ma'aikatansa da mafi yawan kifin da suka kama a cikin ƙananan kwale-kwale. Masu jirgin, maimakon su sallame shi, sai suka ba shi wani mai suna Constitution. A cikinsa aka haifi ɗansu na fari, Victor, a 1872.

Gida a kan ruwa

Virginia ta haihu bakwai, dukkansu ko a cikin jirgi ko a tashoshin ƙasashen waje. Huɗu suka rayu: Victor, da Benjamin Aymar wanda ya ci sunan jirgin da uban ke tuƙawa a lokacin, da mace guda, Jessie, da auta James Garfield, wanda aka haifa a 1881 aka raɗa masa sunan shugaban Amurka da aka zaɓa a lokacin. Uku sun rasu suna jarirai, ciki har da tagwaye, nesa da likita, nesa da dangi.

Duk da haka gidan nan na kan ruwa yana da tsari. Da hantsi Virginia kan zaunar da yaran ta koya musu karatu da rubutu da lissafi, ranar Lahadi kuma darasin addini. Ita ke ɗinka musu sutura, ta koya musu yin ƙwaƙwa da gyaran kayansu. Ta iya kiɗa, ta iya harbi. 'Ya'yanta sun riƙa tuna yadda take harbin kifin shak da ƙaramar bindiga daga bayan jirgi. Ta kuma san lissafin hanya, har mijin kan nemi shawararta a kan harkar jirgi da ta ciniki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: shi yana sama yana fama da iska da ma'aikata da 'yan kasuwa, ita tana ƙasa tana riƙe da gida, tsakaninsu kuwa 'yan matakala ne kawai.

Amma wanda gidansa ke cikin jirgin wani, ranar da aka sayar da jirgin ya rasa aiki da muhalli lokaci guda. Haka ta faru da su a Manila ta ƙasar Filifin, inda mai jirgin Benjamin Aymar ya shiga matsin kuɗi ya sayar da shi. Slocum ya kwashi iyalinsa zuwa bakin ruwan Subic, suka zauna a bukka a gefen daji, ya karɓi kwangilar ƙera gangar jikin wani jirgi da katakon da ake sarowa a wurin. A cikin ladan aikin aka ba shi ɗan jirgi mai suna Pato, wato agwagwa da harshen Sifaniyanci. Shi ne jirgi na farko da ya mallaka. Da shi ya kai iyalinsa har tekun Okhotsk mai tsananin sanyi, a gabashin Rasha, suka kamo kifi ya kai Portland a Amurka ya sayar da riba. Daga baya ya sayar da Pato, ya sayi wani mai suna Amethyst.

Jirgin alfarma, ma'aikata masu bore

A farkon shekarun 1880 Slocum ya kai ƙololuwar sana'arsa. Ya sayi kaso a Northern Light, ƙaton jirgi mai dogayen jigajigai uku da ke ɗauke da filafilai, wato manyan ƙyallayen da ke kama iska su tura jirgi. A cikinsa iyalin suka sami ɗakuna masu yalwa da ɗakin karatu mai ɗaruruwan littattafai.

Sai dai zamani ya riga ya fara juya baya. Tun da aka buɗe mashigin Suez a 1869, jirage masu inji da ke ƙona kwal suka samu gajeriyar hanya tsakanin Turai da Asiya, suna isa a ranar da suka alkawarta ko da iska ko babu. Kaya masu tsoka suka koma hannunsu, ƙwararrun ma'aikata ma suka bi. Abin da ya rage wa jiragen iska shi ne kaya masu arha da ma'aikatan da aka tsinto a bakin tasha.

Northern Light ya ɗanɗana wannan. Bai yi nisa da New York ba ya samu matsala, ya ratse tashar New London don gyara. Nan ma'aikata suka yi bore, jagoransu ya daɓa wa babban mataimakin kyaftin wuƙa, raunin da ya yi ajalinsa. Da Slocum ya yi kan maharin, Virginia ce ta tsaya a bayansa da bindiga a kowane hannu, ta hana sauran motsi. A wannan tafiyar ce suka tsinci wasu mutanen tsibiran Gilbert da ruwa ya daɗe yana yawo da su a kwale-kwale, suka kai su Yokohama ta Japan. A hanyar dawowa kuma Slocum ya sa wani jami'in jirgin mai suna Henry Slater a mari har kwana 53, bisa zargin shirya wani boren. Da suka iso New York kotu ta same shi da laifin tsare mutum ba bisa ƙa'ida ba, ta ci shi tarar dala 500. Ya sayar da kasonsa, a 1884 ya sayi ƙaramin jirgi mai suna Aquidneck, nasa na kansa, har da fiyano da aka ɗaure a ɗakin zama saboda Virginia.

Tutar da aka ɗaga a Buenos Aires

Ba ta daɗe tana jin daɗinsa ba. A tafiyarsu ta farko zuwa Kudancin Amurka rashin lafiya ya kwantar da ita. Suna tsaye a kogin Plata, daura da birnin Buenos Aires na Ajantina, Slocum ya sauka gari neman kayan da zai ɗauka, bayan sun yi yarjejeniya cewa in ana bukatarsa za a ɗaga wata tuta ta alama. Ranar 25 ga Yuli, 1884, ɗansu Benjamin ya ɗaga tutar. Uban ya dawo jirgi, a ranar Virginia ta cika tana da shekara 34. Aka binne ta a maƙabartar Turawan Ingila da ke birnin.

Daga ranar gidan ya watse. Slocum ya kai ƙananan yaran uku wurin 'yan'uwansa mata a jihar Massachusetts, ya riƙe Victor a matsayin mataimaki. Yaran da suka tashi suna ganin ubansu safe da yamma suka koma ganinsa sai in jirgi ya shigo tasha. Shekaru bayan haka auta Garfield ya kwatanta mahaifinsa na wancan lokaci da jirgin da abin juya akalarsa ya karye.

Amarya a cikin guguwa

A Fabrairun 1886, yana da shekara 42, ya auri 'yar'uwarsa Henrietta Elliott, wadda ake kira Hettie, tela 'yar shekara 24. Ya so ya sake gina irin gidan da ya rasa. Ya ɗauke ta tare da Victor da Garfield, Benjamin da Jessie kuwa suka ci gaba da zama a gari.

Kamar dai masifu sun yi layi suna jiran amaryar. Suna fita suka faɗa guguwa. Suka ɗauko harawa daga Rosario ta Ajantina zuwa Rio de Janeiro, hukumomin Brazil suka hana su shiga saboda annobar kwalara da ta ɓarke a inda suka fito, suka yi watanni kaya na jibge babu ciniki. A 1887, a tashar Antonina, wasu ma'aikata suka taso wa kyaftin da wuƙaƙe cikin dare, ya harbi biyu, ɗaya ya mutu. Kotun Brazil ta wanke shi bisa hujjar kare kai. Sai agana ta shiga jirgin ta kashe ma'aikata uku. A ƙarshen shekarar Aquidneck ya hau tudun yashi a mashigin Paranaguá ya farfashe. Ba shi da inshora. Duk abin da Slocum ya tara a shekara 27 na aikin teku ya tafi a nan.

Bai yarda a mai da shi gida a matsayin abin tausayi ba. Da 'yan kayan aikin da ya tsira da su, da katakon da ya ceto daga jirgin da wanda aka saro a daji, shi da Victor suka ƙera kwale-kwale mai tsawon ƙafa 35, suka ɗaura masa gora a gefe da gefe don kada ya kife. Hettie ta ɗinka filafilan. Aka tura shi ruwa ranar 13 ga Mayu, 1888, ranar da Brazil ta soke bauta, don haka ya raɗa masa suna Liberdade, wato 'yanci da harshen Fotugal. Su huɗu suka yi tafiyar mil 5,510 cikin kwana 55 na tuƙi, suka isa gaɓar South Carolina, sannan suka wuce Washington. Jaridu suka yi ta yabo. Hettie dai ba ta sake yarda da doguwar tafiyar teku ba har abada.

Tsohon jirgi a cikin saura

Shekarun da suka biyo baya na ƙunci ne. Ya buga littafi a kan tafiyar Liberdade a 1890, bai samu kasuwa ba. Kyaftin ɗin jiragen iska sun yi yawa, jiragen sun yi kaɗan. Ya koma aikin ƙodago a tashar Boston, Hettie tana taimakawa da ɗinki.

A 1892 wani tsohon abokinsa, Kyaftin Eben Pierce, ya ce zai ba shi jirgi, sai dai yana bukatar ɗan gyara. Da Slocum ya je garin Fairhaven, sai ya tarar da ruɓaɓɓen jirgin masu kamun kawa mai suna Spray, an jingine shi a cikin saura nesa da ruwa. Mutanen gari sun ɗauka itacen wuta zai yi da shi. Shi kuwa ya ɗauki gatari ya sare itacen oak a kusa, ya fara sauya katakon jirgin ɗaya bayan ɗaya. In kuɗi ya yanke sai ya je ya yi aikin kafinta a wasu jirage ya dawo. Aikin ya ci wata 13 da dala 553 da santi 62. Jirgin da ya fito tsawonsa ƙafa 36 da inci 9 ne.

A tsakani ya karɓi kwangilar kai wa gwamnatin Brazil wani jirgin yaƙi mai suna Destroyer, ya kai shi da ƙyar, ba a biya shi ko sisi ba. Ya gwada kamun kifi da Spray, abin bai karɓe shi ba. Da ya yanke shawarar zagaya duniya ya nemi Hettie ta raka shi, ta nuna masa cewa tafiyar da ta riga ta yi ta ishe ta. Ranar 24 ga Afrilu, 1895, yana da shekara 51, ya bar Boston shi kaɗai. Kafin ya tsallaka tekun Atlantika sai da ya biya tsibirin Brier ya gaida dangi, ya ga tsohon shagon mahaifinsa.

Yinin mutum ɗaya a tsakiyar teku

Abin da ya sa tafiyar ta yiwu shi ne halin jirgin kansa. In Slocum ya daidaita filafilai ya ɗaure sitiyari, Spray kan miƙe hanya da kansa. A tekun Indiya ya yi mil 2,700 cikin kwana 23 zuwa tsibiran Cocos, bai riƙe sitiyari fiye da kimanin awa uku ba. Wannan ya ba shi damar yin barci, da girki, da ɗinkin filafilai, da karatu. Abincinsa dankali ne da busasshen kifi mai gishiri da biskit da kofi, sai kifaye masu tsalle da kan faɗo cikin jirgi da dare ya soya su da safe. Ba shi da kuɗin gyara agogon da matuƙa ke lissafin hanya da shi, sai ya sayi agogon gwangwani mai fasasshiyar fuska a kan dala ɗaya, sauran kuma ya dogara da gogewarsa.

Da farko ya yi niyyar bi ta Bahar Rum da mashigin Suez. A Jibraltar hafsoshin sojan ruwan Ingila suka gargaɗe shi game da 'yan fashin teku, sai ya juya ya sake tsallaka Atlantika zuwa Brazil. A gaɓar Uruguay jirgin ya hau yashi, ɗan kwale-kwalensa ya kife da shi, ya sha da ƙyar, domin duk tsawon rayuwarsa a teku bai taɓa koyon iyo ba. Ya tsaya a Buenos Aires, inda kabarin Virginia yake, amma a littafin da ya rubuta kan tafiyar bai ambaci sunanta ba.

A mashigin Magellan, can ƙarshen Kudancin Amurka, wani kyaftin mai suna Pedro Samblich ya ba shi jakar ƙananan ƙusoshi. Yakan barbaza su a daɓen jirgi kafin ya kwanta, kuma su suka kori mutanen da suka hau jirgin cikin dare ba takalmi. Da ya fita tekun Pasifik guguwa ta koro shi kudu wajen Cape Horn, dole ya sake ratsa rabin mashigin karo na biyu. Daga tsibirin Juan Fernández zuwa Samoa ya yi kwana 72 bai taka ƙasa ba.

Duk inda ya sauka kuma sai ya nemi na cefane, domin babu mai ɗaukar nauyinsa. Ya yi shirin aika wa jaridu labaran tafiya, amma kaɗan aka buga. Ya tsinci ganguna na kitse daga wani jirgi da ya farfashe, ya yi ta sayarwa a tsibirai. A Melbourne, da aka caje shi kuɗin tasha, ya kama ƙaton kifin shak ya baje shi, mai son kallo ya biya sisi. A Tasmania da Afirka ta Kudu ya riƙa kama zaure yana ba da lacca kan tafiyarsa. A Samoa matar marigayi marubuci Robert Louis Stevenson ta ba shi littattafan hanyoyin teku na mijinta. A Pretoria ya gana da Shugaba Paul Kruger, wanda ya yi imani cewa duniya shimfiɗaɗɗiya ce, don haka ya ƙi yarda cewa baƙon nasa zagaya ta yake yi. A tsibirin Saint Helena aka ba shi kyautar akuya, ta cinye masa taswirar tsibiran Karibiyan da zai bi.

Bayan ya isa Newport, ranar 3 ga Yuli, 1898, ya mai da Spray Fairhaven, ya ɗaure shi a turken da ya kafa masa ranar da ya fara tura shi ruwa.

Baƙo a gidansa

Littafinsa, Sailing Alone Around the World, ya fara fitowa kashi-kashi a mujallar Century, sannan aka buga shi a 1900. Ya samu karɓuwa, har yau kuma ana buga shi. A 1901 ya ja Spray ta magudanar Erie zuwa baje kolin Buffalo, jama'a suna biya suna shiga kallo. Da kuɗin littafi da na lacca ya sayi gona a West Tisbury, a tsibirin Martha's Vineyard, a 1902. Yana da shekara 58 ya mallaki gida na farko a kan tudu.

Ya dasa itatuwa, ya gwada noma, amma zaman bai kama shi ba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. 'Ya'yan sun girma a hannun wasu sun kama gabansu, shi da Hettie kuwa shekarun da suka yi a rabe sun fi waɗanda suka yi tare. Daga 1905 ya koma tafiya tsibiran Karibiyan shi kaɗai duk lokacin sanyi, ya dawo da bazara yana sayar da littattafai da ƙwaryar dodon koɗi da sauran tsarabar teku. Ko yana gida, sau da yawa a cikin jirgi yake kwana.

Waɗanda suka san shi sun lura cewa shi da jirgin duk sun fara lalacewa. A 1906, bayan wata lacca a garin Riverton na jihar New Jersey, aka kama shi bisa zargin cin zarafin wata yarinya 'yar shekara 12 da ta shiga jirgin. Binciken likita bai tabbatar da fyaɗe ba, aka sassauta tuhumar zuwa aikata rashin ɗa'a a gabanta. Ya ce ba ya tuna abin da ya faru, bai kuma yi jayayya da tuhumar ba. Ya kwana 42 a tsare, alƙali ya sallame shi tare da haramta masa sake taka garin. Wannan tabo ne da sunansa bai rabu da shi ba, ko da yake jim kaɗan bayan haka Shugaba Theodore Roosevelt ya karɓe shi a gidansa na Oyster Bay, har ya bar ɗansa Archie ya yi 'yan kwanaki tare da shi a cikin Spray.

Tafiyar ƙarshe

Ranar 14 ga Nuwamba, 1909, kamar yadda takardun kotu suka nuna, Slocum ya tashi daga Martha's Vineyard yana da shekara 65. Ya faɗa wa mutane cewa yana son ya shiga kogin Orinoco, ya bi ta Rio Negro ya ɓulla kogin Amazon. Ba a sake ganinsa ba, ba a kuma tsinci ko katako ɗaya na Spray ba. Wasu na ganin babban jirgi mai inji ne ya bi ta kansa cikin dare, wasu kuma suna ganin tsufan jirgin ne ya kai shi ƙasa. Hettie ta jira wasiƙa har ta gaji. Sai a 1924 kotu ta tabbatar da mutuwarsa a hukumance.

A 1950 aka buga littafin da babban ɗansa Victor ya rubuta a kan rayuwarsa. Daga shi, da kuma abin da sauran 'ya'yan suka shaida wa masu bincike, aka san mafi yawan abin da aka sani game da Virginia, matar da mijinta ya rubuta littattafai a kan jiragensa amma ya yi shiru a kanta. Masu tuƙa ƙananan jirage a faɗin duniya suna ɗaukar Slocum a matsayin wanda ya buɗe musu hanya, da yawa kuma sun ƙera jirage a kan fasalin Spray, wasunsu suna zaune a ciki da iyalansu.

'Ya'yansa dai abin da suka fi riƙewa shi ne shekarun nan 13 da uwa ke koyar da su da hantsi, uba yana sama yana duba iska. A Buenos Aires, ranar da Benjamin ya ɗaga tuta, gidan yana kan ruwa, uban yana tudu, ya kuma amsa kira. A shekara 25 da suka biyo baya gidan ya koma tudu, shi kuwa yana kan ruwa, yana zuwa yana komawa kamar mai ziyara.